Yaron da Ba Shi da Sarki

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san makafi suna da sarkinsu, guragu suna da nasu, kutare ma haka. A tsohon birnin Kano har unguwa makafi suke da ita, kuma idan rigima ta tashi a tsakaninsu, ko wata kyauta ta fito daga fada, kowa ya san ƙofar da za a yi wa sallama. Ba yabon bara ya sa na kawo wannan ba. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, al'ummarmu ta ga waɗannan bayin Allah, ta raɗa wa lalurarsu suna, sannan ta yanka musu wuri a cikin tsarinta, komai ƙanƙantar wurin. Akwai kuwa wani yaro da wannan tsari ya tsallake. Idonsa garau, ƙafarsa lafiya, kunnensa yana jin faɗuwar allura, amma ya shekara bakwai bai taɓa cewa "Inna" ba.

Zan kira shi Modu, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Iyayensa sun shigo Maiduguri daga Bama a 2014, lokacin da garin ya faɗa hannun 'yan Boko Haram, shi kuma a nan aka haife shi, a wani gidan haya da ke maƙwabtaka da wanda na zauna a ciki. Ubansa yana tura kurar ruwa, uwarsa tana tuyar ƙosai a bakin titi. Modu yakan yini yana jera marafan kwalaben lemo, ja a wajen ja, kore a wajen kore, idan wani ya ture ɗaya sai ya faɗi yana buga kansa da ƙasa. Idan an ta da janareta sai ya toshe kunnuwansa yana ihu. A kira sunansa sau goma ba zai waiwayo ba. Sau biyu ana tsinto shi a tsakiyar titi, saboda haka idan uwar za ta fita tuya, sai ta ɗaure ƙafarsa da tsumman zane a jikin turken rumfa. Na ga wannan da idona, na kuma wuce na tafi aji na koyar da waƙa.

Kafin wani likita ya faɗa mata sunan abin, ta riga ta sayar da akuya biyu da ɗan kunnen aurenta, ta kai wa masu hayaƙi da masu rubutu da wani mai magani da ya ce ɗan ruwa ne aka musanya mata. Likitan ya gaya mata gaskiya: babu ƙwayar da ke warkar da wannan lalura, abin da ke taimako shi ne horo, wato a koya wa yaron hanyar bayyana buƙatarsa da kula da kansa, a hankali, shekara da shekaru. Da ta tambayi kuɗin zama ɗaya a wurin mai irin wannan horo, sai ta tarar ya fi ribar ƙosanta ta mako. Ranar nan ta tsayar da ni a ƙofar gida ta ce, "Malam, ku da kuka yi karatu, abin da ba ya warkewa, me zan biya a kansa? Kuma wa zai biya mini?" Tambayoyin nan biyu su ne wannan maƙala za ta bi.

Turawa suna kiran lalurar otizim, daga wata kalmar Girkanci mai nufin "kai", wato wanda ya shige cikin kansa. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins na Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta a 1943, bayan ya nazarci yara 11. An yi shekaru wasu masana suna ɗora laifin a kan uwa, wai sanyin zuciyarta ne ya kori yaron daga duniya, har bincike ya rushe wannan zargi, ya nuna abin yana da tushe a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun a ciki, kuma gado yana da babban hannu a ciki. Zargin da aka yi wa allurar rigakafi a wata takarda ta 1998 shi ma ya faɗi, mujallar da ta buga takardar ta janye ta a 2010. Mu da muka ga abin da ƙauracewa rigakafin shan inna ta jawo a Arewa a 2003 ya kamata mu riƙe wannan da kyau. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da lalurar, kuma an fi gano ta a jikin maza, kusan ninki huɗu. Ko da mun rage wannan kiyasi da rabi don taka-tsantsan, duk makarantar firamare mai ɗalibai dubu a Gwange ko Bulumkutu tana da irin Modu guda biyar, a cikin aji ko, galibi, a bayan katanga.

Mu a Hausa har yanzu muna lalube. Gidajen rediyo sukan ce galahanga, amma da wannan kalmar ake kiran wasu lalurorin dabam, har da ta yaron da jikinsa ya saki tun haihuwa. A unguwa kuwa sunayen da ake ba shi su ne dolo, gaula, sakarai, ko mai iska. A matsayina na malamin adabi, wannan ya dame ni fiye da yadda na zata. A laccar da Anthony Kirk-Greene ya gabatar kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, wadda aka buga a 1974, ya lissafa halaye goma, daga cikinsu akwai hankali da kunya da ladabi. Dukansu a mu'amala ake ganinsu: a gaisuwa, a durƙuso, a sanin abin da ake nufi ba tare da an faɗa ba. Harshenmu kansa an gina shi a kan habaici da karin magana da zaurance, ga shi kuwa babbar wahalar mai wannan lalura ita ce gane abin da ke bayan magana. A tatsuniyoyinmu akwai wani irin yaro da ke ɗaukar kowace magana a kan fuskarta, ya aikata abin da aka ce maimakon abin da ake nufi, mu kuma mu yi ta dariya. Ban ce masu tatsuniya otizim suke siffantawa ba, amma tun da na san Modu dariyar nan ta daina zo mini da sauƙi.

Wani abin mamaki kuma, ladabinmu yakan ɓoye lalurar. Likitoci suna ɗaukar ƙin haɗa ido a matsayin alama, mu kuwa yaron da ke sunkuyar da kai a gaban manya yabonsa muke yi. Idan ya yi jinkirin magana sai kaka ta ce ubansa ma haka ya yi. Da haka shekaru biyu da uku, lokacin da horo ya fi kamawa, suke wucewa, alhali akwai wata takardar tambayoyi 20 da ma'aikaciyar jinya za ta iya yi wa uwa cikin 'yan mintoci, tun yaron yana tsakanin wata 16 zuwa 30.

Na kai wannan magana ɗakin shan shayi na malamai, sai wani abokin aikina, masanin tattalin arziki, ya tare ni da hujjar da har yau nake girmamawa. Ya ce, "Dakta, a wane gari kake? Garin nan tun 2009 yake cikin yaƙi. Je ka ga yaran da tamowa ta mayar ƙashi da fata. Kuɗin da za ka kashe wa yaro ɗaya a shekara don ya koyi kalma ashirin, zai sayi gidan sauro da maganin zazzaɓi da abincin tamowa da za su ceci rayuka da yawa. Wanda ya mutu ba ya dawowa, naka kuwa yana raye." Wannan ita ce hujjar mabiya Jeremy Bentham, masu auna kowane aiki da yawan amfanin da ya jawo wa mafi yawan mutane. Ba hujjar marasa tausayi ba ce. Wanda ya taɓa raba buhu ɗaya ga gida ɗari ya san lissafi ma wani nau'in tausayi ne.

Dole in sallama masa wani yanki. Horon da Ivar Lovaas ya bayyana a Amurka a 1987 yana cin awa 40 a mako, ƙwararre ɗaya a kan yaro ɗaya. Idan wannan ne kaɗai taimakon da ake da shi, to ba Borno ba, ko Legas ba za ta iya ɗaukarsa ga kowa ba, kuma ba zan ce a rufe ɗakin tamowa don a buɗe shi ba. Har a can ma wasu manya masu lalurar sun soki wannan salo, suna cewa ya fi damuwa da mayar da yaro kamar kowa a kan sauƙaƙa masa rayuwa.

To amma lissafin abokina ya ƙidaya mutum ɗaya a gidan da lalurar ta kama mutum biyar. Yayar Modu, yarinya mai shekara goma sha biyu, an cire ta daga makaranta don ta tsare shi. Uwar ba ta zuwa biki ko suna, ta rage tuyar yamma. Masu gida biyu sun tashe su saboda ihun dare. Uban ya fara maganar cewa a danginsu babu irin wannan, kuma kowa ya san inda irin wannan magana take kai aure. Sannan kuɗin da ake cewa babu, ai ana kashe su: akuyoyin nan biyu sun tafi, sai dai sun tafi wurin da ba su amfana ba. Ƙarshen hanyar kuma mun gan shi a 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Kaduna da Katsina suka fito da ɗaruruwan mutane, har da yara, da sarƙa a ƙafa. Tsumman zanen uwar Modu ƙanin wannan sarƙa ne. Yau yana da shekara bakwai, zane yana riƙe shi; idan ya kai sha bakwai fa?

Haka kuma ba gaskiya ba ne cewa awa 40 ko babu. A 2016 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba suka koya wa iyaye yadda za su bi hankalin yaron a wasa, su jira shi, su amsa ƙaramar alamar da ya yi. Aka ga mu'amala tsakanin iyaye da yaran ta inganta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shiri irin wannan na horar da masu reno, zaman rukuni 9 da ziyarar gida 3, wanda aka gwada a ƙasashe da dama, har da Habasha da Kenya. Kayan aikinsa tabarma ce da kofi da cokali da haƙuri. Maiduguri tana da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a hanyar Baga, tana da Asibitin Koyarwa, tana da jami'a tun 1975. Masu iya horar da masu horarwa suna nan. Abin da ake nema shi ne albashin ma'aikaciyar unguwa, da kuɗin Keke Napep na uwa, da maganin farfaɗiya ga waɗanda take haɗe musu, da malama guda a makarantar gwamnati da ba za ta kori yaron ba.

Duk da haka ba na so in ci nasara a kan abokina da lissafi kaɗai, domin ranar da lissafin ya juya sai in rasa abin faɗa. Akwai wata hujja da masu neman tallafi suke yawan kawowa wadda ni ba na so. Sukan ce a taimaki yaran nan domin a cikinsu akwai masu baiwa. Gaskiya ne akwai. A watan Afrilu na 2025 an baje wani zane a Abuja, mai faɗin fiye da murabba'in mita 12,000, wanda Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, yaro mai shekara 15 mai wannan lalura, ya shiga kundin bajinta na Guinness da shi. Abin farin ciki ne. Amma idan baiwa ce dalilin taimako, me za mu ce wa uwar da ɗanta ba zai zana komai ba, wanda babbar nasararsa ita ce ya shiga bayi da kansa yana da shekara goma? Hujjar baiwa ciniki ce, tana cewa a zuba jari domin riba tana tafe. Modu ba shi da ribar da zai yi wa kowa alkawari.

John Rawls, a littafinsa na 1971 kan adalci, ya ba da wani ma'auni: a tsara dokokin gari kamar mai tsarawar bai san a wane gida za a haife shi ba. Mu ɗauka mai karatu yana bayan wannan labule, bai sani ba ko a GRA zai faɗo ko a ɗakin haya a bakin kogin Ngadda, bai sani ba ko harshensa zai buɗe. Wane gari zai zaɓa? Ina jin zai zaɓi wanda zai fara ceton mai tamowa, amma ba zai yarda da wanda ya ce marar magana ba shi da kaso ko na anini ba. Sai dai Martha Nussbaum ta nuna a 2006 cewa shi kansa Rawls ya gina tsarinsa a kan mutanen da za su iya ba da gudummawa su karɓa, wato cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, ya jingine maganar waɗanda ba za su iya cuɗar kowa ba. Eva Kittay, wadda ita kanta uwa ce ga 'ya mai lalurar ƙwaƙwalwa, ta ƙara da cewa dogaro da wani shi ne asalin halin ɗan Adam. Kowanenmu ya taɓa zama jariri ba ya magana, ana wanke shi, ana ba shi a baki, ba don an san abin da zai zama ba. Da yawanmu kuma haka za mu ƙare. Bambancina da Modu tsawon lokacin dogaro ne kurum. Na tarar wannan ya fi kusa da abin da Bahaushe yake nufi da mutunci, domin ba mu taɓa cewa tsohon da ya ruɗe ya rasa nasa ba.

Idan an yarda yaron yana da haƙƙi, saura tambayar uwarsa ta biyu. A takarda an riga an amsa ta. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ce mai lalurar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin magani kyauta a asibitocin gwamnati. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta kafa asusu don marasa galihu. Uwar Modu ba ta taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma a Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun majiyyaci yake fita. Doka ta mayar da abin bashi a kan hukuma, mu kuma muna ci gaba da roƙonsa kamar sadaka. Bambancin yana da girma: mai sadaka yakan zaɓi ranar da ya ga dama da yaron da ya fi kyan hoto, mai bin bashi kuwa shi ke da ikon tambayar ranar biya.

Ƙungiyoyin agaji na waje sun yi wa garin nan aikin da ba za a manta ba, amma an gina su don gaggawa, shirinsu na wata shida ne ko shekara. A 2025, da Amurka ta rushe hukumarta ta USAID, mun ga yadda tallafi yake ƙafewa cikin 'yan makonni. Lalurar da za ta yi shekara sittin ba ta zama a kan irin wannan tushe.

A nan ne nake ganin mun manta da namu. A Alƙahira, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284 ya yi ƙarnoni yana jinyar mutane kyauta, har da masu taɓin hankali, da kuɗin kadarorin da aka yi masa wakafi. Tun kafin wannan, a shekarun 1240, mutanen Kanem, kakannin masu wannan ƙasa, sun gina makarantar Ibn Rashiƙ a Masar don ɗalibansu da alhazansu, suna aika mata kuɗi daga bakin tafkin Chadi. Mutanen da suka iya riƙe makaranta a bayan hamada ƙarni takwas da suka wuce ba za su kasa riƙe ɗaki biyu a Bolori ba. Zakka tana da masu cinta kashi takwas, iyayen Modu kuwa suna cikin biyun farko tun kafin a zo maganar lalura. Da yake malamai da yawa suna ganin zakka hannun mabuƙaci ake damƙa wa, ba gini ake yi da ita ba, sai ta ɗauki kuɗin mota da magani, wakafi kuma ya ɗauki ɗaki da albashi. Shago biyar a Kasuwar Monday, idan aka tsayar da hayarsu don wannan, ba za su jira kasafin kuɗin kowace shekara ba. Attajiranmu suna son gina masallaci a kusa da masallaci, ina jin domin ana ganinsa daga titi. Albashin mai koya wa yaro riƙe cokali ba ya da hasumiya.

Ban tsame kaina da jami'a ba. Takardar tambayoyi 20 ɗin nan da littafin horar da iyaye, wa ya fi cancanta ya zuba su cikin Hausa da Kanuri da uwa za ta gane, in ba sassanmu na harsuna ba? Muna ba ɗalibai aikin kundi kan salon mawaƙan da aka riga aka yi wa kundi goma, alhali har yau ba mu zauna mun daidaita sunan da za a kira wannan lalura da shi ba, sunan da ba zagi ba ne.

A daren 9 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kafin gari ya waye ruwa ya ci kusan rabin Maiduguri. Gidan su Modu yana cikin waɗanda suka nutse. Sun kwana uku a wata makaranta da aka tara ɗaruruwan mutane, ga hayaniya, ga baƙin fuskoki, ga marafansa duk ruwa ya tafi da su. Ya yi ta ihu har mutanen da su ma suka rasa komai suka roƙi uwar ta fitar da shi, ta koma gindin bishiya da shi. Masu rubuta sunaye sun zo da takarda mai gurbin masu ciki da tsofaffi da guragu da makafi. Ta ce musu ɗanta ba shi da lafiya, suka dube shi yana tsaye da ƙafafunsa, suka wuce.

A wannan wuri ne wata ɗalibar jinya, 'yar sa kai, ta lura da su. Ta yanki kwali ta zana kofi a ɗaya, kwano a ɗaya, buta a ɗaya, ta nuna wa uwar yadda za ta riƙe ruwan har sai ya taɓa hoton, sannan ta ba shi nan take. Ta zo sau huɗu, daga nan aka buɗe makarantarsu ta koma. Bayan wata biyar na je gaishe su a sabon ɗakin da suka kama. Muna zaune sai Modu ya tashi, ya ɗauko kwalin kofi, wanda ya riga ya yi laushi don dauɗa, ya ajiye a cinyar uwarsa ba tare da ya dube ta ba. Ta miƙa masa ruwa. Ta ce mini yanzu kwalayen sun kai tara, buga kai ya ragu, amma ta tsaya a nan domin ba ta san abin da ake koyarwa bayan wannan ba, kuma lambar yarinyar tana cikin wayar da aka sace mata.